Robert Owen: mai masana'antar da ya biya albashin wata huɗu injuna na tsaye

Wajejen shekarar 1807 rikicin kasuwanci tsakanin Amurka da Birtaniya ya sa audugar Amurka ta yi wuyar samu, farashinta kuma ya yi tashin gwauron zabo. Masu masana'antun zare da yawa a Birtaniya suka yi abin da aka saba yi a wancan zamani: suka kashe injuna, suka sallami ma'aikata, kowa ya je ya ji da kansa. A wani ƙauye mai suna New Lanark da ke bakin kogin Clyde a ƙasar Sikotlan, shugaban masana'antar garin shi ma ya tsayar da injuna, amma bai kori ko mutum ɗaya ba. Wata huɗu cur yana biyan cikakken albashi, aikin da ake yi kawai shi ne share injuna da zuba musu mai kada su yi tsatsa. A lissafin da shi da kansa ya bayar daga baya, abin ya ci fam 7,000. Sunan mutumin Robert Owen, kuma har yau idan ana maganar yadda kyautata wa ma'aikaci ke ɗaga kamfani, da wuya a gama ba a ambace shi ba.

An haife shi ranar 14 ga watan Mayun 1771 a Newtown, wani ƙaramin gari a yankin Wales. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin sirdi, yana kuma sayar da kayan ƙarfe. Karatun Owen bai yi nisa ba. Yana da shekara goma ya bar gida, ya zama yaron shago wajen wani mai sayar da yadi a garin Stamford, daga nan ya koma wani babban kanti a Landan. A can ne ya ɗanɗana irin aikin da ya zo yana yaƙa da shi daga baya: lokacin cinkoson masu saye, yaran kanti na tsaye tun safe har bayan ƙarfe ɗaya na dare suna naɗe yadin da aka warware, barcinsu bai wuce awa biyar ba.

Daga Landan ya nufi Manchesta. Garin da matasa suka sani yau saboda ƙwallon ƙafa, a lokacin cibiyar auduga ce ta duniya, hayaƙi da ƙurar zare sun turnuƙe ko'ina. Ya ranci fam 100 wajen yayansa ya shiga haɗin gwiwar ƙera injunan kaɗi, haɗin bai daɗe ba ya watse, sai ya ci gaba da ɗan ƙaramin wurin kaɗinsa. A 1792 wani attajiri mai suna Peter Drinkwater ya nemi wanda zai riƙe masa masana'anta mai ma'aikata kusan 500. Owen, wanda bai wuce shekara 21 ba, ya je ya nemi aikin, ya kuma nemi a biya shi fam 300 a shekara, kuɗin da ya sa attajirin ya zaro ido. Sai da ya buɗe masa littattafan lissafin ɗan wurinsa, ya nuna masa cewa abin da yake samu ke nan, sannan aka ɗauke shi.

Abin da ya yi a makonnin farko ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Bai san yawancin injunan ba, ya kuma san ma'aikatan sun san bai sani ba. Don haka, kamar yadda ya bayar da labari a littafin tarihin rayuwarsa, mako shida ya yi bai ba da wani sabon umarni ba. Shi ne farkon shiga da safe, shi ne mai kulle ƙofa da dare, yana kallo, yana sauraro, idan an tambaye shi ya amsa da i ko a'a. Sai da ya fahimci wurin sannan ya fara gyara. Cikin ɗan lokaci zaren masana'antar ya yi suna wajen kyau da laushi.

Tafiyar kasuwanci ce ta kai shi Gilasgo, inda ya haɗu da Caroline, ɗiyar David Dale, attajirin da ya gina New Lanark a tsakiyar shekarun 1780. A 1799 Owen da abokan kasuwancinsa suka sayi masana'antar a kan fam 60,000, a wannan shekara kuma ya auri Caroline. Ranar 1 ga watan Janairun 1800 ya karɓi ragamar wurin.

Mutanen ƙauyen sun kusan kai 2,000, kusan dukkansu da masana'antar suka dogara. A cikinsu akwai yara wajen 500 da aka kwaso daga gidajen marayu da na gajiyayyu na Gilasgo da Edinbara, wasu ba su wuce shekara biyar ko shida ba, suna aiki tun ƙarfe shida na safe har bakwai na yamma, sannan a kai su aji bayan sun gaji liƙis. Ana ɗaukar Dale a matsayin mai tausayi, don yana ciyar da yaran yana tufatar da su fiye da sauran masu masana'antu, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna yadda sauran wuraren suke. Shaye-shaye ya yi yawa a garin, sata daga masana'anta ta zama ruwan dare, ƴan tireda kuma na ba mutane kaya marasa kyau bashi a farashi mai tsada.

Ma'aikatan ba su yi maraba da shi ba, kuma suna da hujja. Baƙo ne daga kudu, bakinsa daban, wasunsu ma mutanen tsaunukan arewa ne da Turanci ba harshensu ba ne. Duk sabuwar dokar da ya kawo, sai su ɗauka wata dabara ce ta tatsar ƙarin aiki. Dokokin nasa kuwa ba masu sauƙi ba ne. Ya sa ana binciken ma'aikata saboda sata, ya sa tara a kan wanda aka kama a buge, ya kafa kwamitin da ke shiga gida gida yana duba tsabta. Matan garin suka laƙaba wa ƴan kwamitin sunan mafarautan kuɗin cizo, wasu suka riƙa rufe musu ƙofa. Wanda ya ce Owen ya mallaki zukatan mutanensa da daɗin baki tun ranar farko, bai karanta tarihin da kyau ba. Shekaru ya yi yana magana ana kallonsa.

A nan ne wata huɗun nan suka shigo. Duk jawabin da ya yi musu a baya cewa ribarsa da jin daɗinsu abu ɗaya ne, magana ce da kowane mai gida zai iya yi. Amma ranar da suka ga injuna a tsaye, ba zare ko ƙulli ɗaya da ke fita, albashi kuma na zuwa cif-cif, sai suka yarda. Owen ya ce daga wannan lokaci ne ya samu amincewarsu, gyare-gyaren da a da ake ja da su suka fara tafiya. Ta fuskar kasuwanci ma bai yi asara ba: da auduga ta dawo, ƙwararrun ma'aikatansa na nan a wurinsu, bai sha wahalar neman sabbi da koya musu aiki ba.

Cikin dabarunsa, wadda aka fi tunawa ita ce wani ɗan guntun katako mai fuska huɗu da ake ratayewa kusa da kowane ma'aikaci. Fuska ɗaya baƙa, ɗaya shuɗiya, ɗaya rawaya, ɗaya fara. Kowace rana mai kula da sashe zai juya fuskar da ta dace da halin ma'aikacin na jiya: baƙi na nufin ya ɓata, shuɗi yana nan dai tsaka-tsaki, rawaya ya yi kyau, fari ya yi fice. Ana rubuta sakamakon a wani littafi. Idan Owen ya ratsa ɗakin, kallo ɗaya ya ishe shi, ba ya tsawa, ba ya zagi. A zamanin da dorina da mari su ne harshen da masu kula da ma'aikata suka iya, wannan babban sauyi ne. Abin da ya fi katakon muhimmanci shi ne, duk wanda ya ga an zalunce shi wajen ba shi launi yana da damar kai ƙara wajen Owen kai tsaye, wanda hakan ya sa su ma masu kula da sassan suka shiga taitayinsu. Duk da haka ba za a ɓoye cewa sa ido ne ba, sa ido na kullum, a gaban kowa, kuma ma'aikacin yau da za a rataya wa irin wannan katako a teburinsa ba lalle ya ji daɗi ba.

Sauran gyare-gyaren sun taɓa tukunya da aljihu. Ya daina karɓar marayu, ya hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara goma aiki. Ya buɗe kantin masana'anta da ke sayo abinci da tufafi da gawayi masu kyau da yawa a farashin sari, yana sayar wa ma'aikata da ƴar riba kaɗan, ribar kuma ana zuba ta a makaranta. Aka kafa asusun marasa lafiya, kowa na zuba kashi ɗaya cikin sittin na albashinsa. Aka ƙara ɗakuna a gidaje, aka riƙa kwashe shara a tituna. A 1816 aka rage lokacin aiki ya koma ƙasa da awa goma sha ɗaya a yini. Albashin New Lanark bai kai na wasu masana'antun ba, amma kuɗin na saye fiye da na can, kuma mutane ba sa barin wurin.

Hujjar da yake ba takwarorinsa masu masana'antu hujja ce ta ɗan kasuwa. A littafinsa A New View of Society, wanda ya fara fitowa a 1813, ya tunatar da su cewa kowannensu ya san injin da ake sharewa ana zuba masa mai ya fi wanda aka yi watsi da shi kawo riba, to me ya sa suke kashe dubban fam a kan ƙarfe da katako su bar mutanen da ke juya su cikin yunwa da jahilci? A ƙarƙashin wannan akwai aƙidar da ya riƙe har mutuwarsa, cewa halin mutum muhallin da ya tashi a ciki ne ke gina shi. Idan ma'aikaci ɓarawo ne ko mashayi, a ganinsa, kafin a hukunta shi sai a fara duba gidan da yake kwana, abincin da yake ci da kuma yadda ake yi masa magana a wurin aiki. Ya wuce gona da iri a wannan ra'ayi, har ya kusan cire wa mutum alhakin aikinsa gaba ɗaya. Amma a cikin katangar masana'anta ra'ayin ya yi aiki.

Waɗanda suka fi ba shi wahala abokan jarinsa ne. Kamfanin na cin riba, amma suna ganin da ba don makaranta da sauran hidimomin Owen ba, da ribar ta fi haka. Sau biyu haɗin gwiwar na rushewa. A karo na biyu abokan suka tsige shi daga shugabanci, suka sa masana'antar a gwanjo da niyyar su saye ta da araha, suna yaɗa cewa ya lalata ta. Owen ya tafi Landan ya samo sabbin masu zuba jari, cikinsu har da masanin falsafa Jeremy Bentham da William Allen, ɗan ɗariƙar Kirista ta Kwaka, waɗanda suka amince su karɓi ribar kashi 5 cikin ɗari na jarinsu, abin da ya saura a kashe wa ma'aikata. Ranar 31 ga watan Disamban 1813 aka yi gwanjon a Gilasgo. Tsofaffin abokan da ke cewa wurin bai da daraja suka yi ta ƙara farashi, har Owen ya kayar da su a kan fam 114,100, kusan ninki biyu na kuɗin da aka saye shi shekara goma sha huɗu baya. Da ya dawo, mutanen gari suka kwance dawakin keken da ya ɗauko shi, suka ja keken da hannunsu har cikin New Lanark.

Ranar 1 ga watan Janairun 1816 ya buɗe ginin da ya kira cibiyar gina hali. Da rana makaranta ce, da dare kuma wurin karatun manya da laccoci da kiɗa. Ana karɓar yara tun suna fara tafiya, abin da ya ba iyaye mata damar zuwa aiki hankali kwance, kuma ana lissafa ta cikin makarantun renon yara na farko a duniya. Babu bulala. Ana koyarwa da taswirori da hotunan dabbobi, da waƙa da rawa. Dubban baƙi suka riƙa zuwa kallo, har da yariman Rasha Nicholas, wanda ya zama sarkin ƙasar daga baya.

Akwai abin da baƙin ba su gani ba. Audugar da ake kaɗawa a New Lanark, kamar ta sauran masana'antun Birtaniya na lokacin, mafi yawanta bayi ƴan asalin Afirka ne suka noma ta a gonakin nahiyar Amurka. Tausayin Owen ya tsaya a kan ma'aikacin da ke gabansa, bai bi zaren ya kai ga hannun da ya tsinko audugar ba.

Nasarar ta sa ya ɗaga kai ya dubi ƙasa baki ɗaya. Ya matsa wa majalisar dokoki ta hana aikin ƙananan yara a duk masana'antu. Dokar da ta fito a 1819 an rage mata ƙarfi ƙwarai: ta tsaya a masana'antun auduga, ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara tara, ta ƙayyade awa goma sha biyu ga masu shekara tara zuwa goma sha shida, kuma ba a naɗa masu zagayen bincike ba, don haka masu masana'antu suka yi ta taka ta. Shi ake danganta wa kiran a raba yini gida uku, awa takwas na aiki, takwas na hutu, takwas na barci. Ƙarni guda aka yi kafin ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta sa awa takwas a yarjejeniyarta ta farko a 1919, sannan dokar aiki ta 1952 ta kawo mako mai awa 40 a ƙasashen da Faransa ke mulka, ciki har da Nijar. Masu jerin gwanon sallar ma'aikata ta 1 ga watan Mayu a Yamai ko Maraɗi na tafiya ne a kan hanyar da yana cikin waɗanda suka fara share ta.

A watan Agustan 1817 ya yi abin da ya rage masa masoya. A wani babban taro a Landan ya fito fili ya soki addinai baki ɗaya, ya ɗora musu laifin halin da ɗan Adam ke ciki. Manyan da ke sauraronsa a kan batun ma'aikata suka fara ja da baya. A gida ma abin bai yi daɗi ba, domin matarsa mai riƙo da addini ce sosai. William Allen, wanda dama rawa da kiɗan makarantar ba su kwanta masa ba, ya yi ta matsawa har a 1824 aka tilasta wa Owen ya sauya tsarin koyarwar.

Ransa ya ɓaci, ya juya ga Amurka. A 1825 ya sayi wani gari sukutum a jihar Indiana, ya sa masa suna New Harmony, ya yi jawabi a zauren majalisar dokokin Amurka, ya gayyaci duk mai so ya zo a gina al'ummar da kowa zai yi aiki a raba amfani daidai. Mutane wajen 800 zuwa 1,000 suka amsa kira. Akwai masana da malamai na gaske, akwai kuma ƴan cin banza, ƙwararrun magina da manoma kuwa sun yi kaɗan. Baƙar fata ba a ba su damar zama cikakkun mambobi ba. Owen da ya yi mako shida yana kallon injunan Drinkwater kafin ya buɗe baki, a nan bai tantance kowa ba, bai ma zauna ba, ya bar garin a hannun wasu ya ci gaba da yawon jawabi. A New Lanark akwai sana'a ɗaya da kowa ya sani, akwai ƙararrawar shiga aiki, akwai littafin lissafi, akwai wanda ake kai wa ƙara. A New Harmony an yi ta sake kundin tsarin gari ana gardama a kan wa ya yi aiki wa bai yi ba. Kafin ƙarshen 1827 abin ya watse, ya tafi da kusan kashi huɗu cikin biyar na dukiyarsa. Ba da jimawa ba ya sayar da hannun jarinsa na New Lanark. Matarsa, wadda ya bari a Sikotlan, ta rasu a 1831. Ƴaƴansa maza suka zauna a Amurka, ɗaya daga cikinsu, Robert Dale Owen, har ya zama ɗan majalisa.

Sauran shekarunsa ya yi su ne yana kafa abubuwan da ba su daɗe ba. A 1832 ya buɗe wata kasuwa a Landan inda ake musayar kaya da takardun da ke nuna awannin aikin da aka kashe wajen yin su. A 1834 ya jagoranci wata babbar haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago da ta rushe cikin shekarar. Abin da ya ɗore wasu ne suka gina shi. A watan Disamban 1844 wasu mutum 28 a garin Rochdale, masaƙa da masu sana'ar hannu, da yawansu almajiransa, suka tara fam 28 suka buɗe ɗan kanti da garin alkama, man shanu, sukari da kyandir. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ribar kuma ana raba ta gwargwadon sayayyar mutum. Kantin New Lanark na mai gida ne yana kyautata wa yaransa. Na Rochdale kuwa na masu sayen ne da kansu, kuma ƙa'idojinsa ne ƙungiyoyin gama kai na duniya suka ɗauka. Owen kansa bai ba harkar kanti wani muhimmanci ba, yana ganin ta yi ƙanƙanta a kan burinsa.

Da tsufa ya kama shi, mutumin da ya soki addinai ya koma yana cewa yana zantawa da ruhohin matattu, abin da ya kunyata almajiransa da dama. A 1857 ya wallafa tarihin rayuwarsa. A shekarar da ta biyo ya yi ƙoƙarin yin jawabi a wani taro a Libapul, ƙarfinsa ya gaza, sai ya nemi a kai shi Newtown, garin da ya bari yana yaro. A can ya mutu ranar 17 ga watan Nuwamban 1858 yana da shekara 87, aka binne shi kusa da iyayensa.

Masana'antar New Lanark ta ci gaba da kaɗa zare har 1968. A 2001 hukumar UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya. Har yanzu akwai mutanen da ke zaune a gidajen ma'aikatan, ginin makarantar na tsaye, masu ziyara kuma na iya ganin samfurin ɗan katakon nan mai fuska huɗu.